Makullin Difarenshal Mai Kulle Kansa: Abin Da Ya Kamata Ku Sani Kafin Ku Sa Wa Motar Daji

Duk wanda mota ta taɓa kafe masa a taɓo ya san wannan abin haushi: ana taka totur, taya ɗaya na wulwulawa tana watsa laka, 'yar'uwarta da ke kan busasshiyar ƙasa kuwa ko motsi ba ta yi. Sai ka ji ana cewa inji ne ba shi da ƙarfi. Injin lafiyarsa ƙalau. Aikin difarenshal ne, wato ƙunshin giyoyin nan da ke cikin ƙoƙon ƙarfe a tsakiyar aksil.

An ƙera difarenshal ne saboda kwana. Idan mota ta sha kwana, tayar waje ta fi ta ciki cin tafiya. A ce tazarar tayoyin mita 1.2 ce, in motar ta yi zagaye ɗaya cikakke, ta waje za ta ɗara ta ciki da kusan mita 7.5. Da a haɗe suke kam, dole ɗaya ta riƙa jan ƙasa. To, difarenshal na barin kowace ta juya da nata saurin, yana kuma raba musu ƙarfi daidai wa daida. Nan gizo ke saƙar. Tayar da ke cikin santsi ƙarfi kaɗan take iya ɗauka kafin ta zame, kuma wannan ɗan kaɗan ɗin shi ne rabon ɗayar ma. Shi ya sa mota mai jan taya huɗu kan koma mai jan biyu kacal, ɗaya gaba ɗaya baya, kuma duka biyun su ne marasa riƙo.

Ƙananan motocin nan na gona da daji, masu kujera biyu da ɗan bodi a baya, sun fi yawa a Amurka da Kanada, inda manoma da masu kiwo da mafarauta ke aiki da su. Kawasaki ta fito da Mule a 1988, sannan ga irin su Gator na John Deere da Ranger na Polaris. A can ne sa musu makullin difarenshal, wanda ke maganin wannan matsala ta hanyar sa tayoyin biyu su juya tare, ya zama ruwan dare. Amma ilimin ɗaya ne da na Hilux ko Land Cruiser da ke keta yashi daga Agadez, ko wadda ke fama da hanyar ƙauye da damina.

Makulli iri biyu ne. Akwai wanda direba ke kunnawa da maɓalli, ko da iska yake aiki, kamar na kamfanin ARB na Ostareliya, ko da lantarki. Akwai kuma mai kulle kansa, wanda ba ya jiran umarnin kowa. A cikin masu kulle kansu, Detroit Locker na kamfanin Eaton ya fi suna, shi kuwa ana canza cikin difarenshal ɗin gaba ɗaya ne. Mai araha, irin su Lock-Right da Aussie Locker, ƙananan giyoyin ciki kawai ake cirewa a zura shi a gurbinsu.

In ka kwance irin wannan mai arahar a kan tebur, za ka raina shi. Faifan ƙarfe huɗu ne masu haƙora, da 'yan ƙusoshi, da sifirin da ba su fi na cikin biro girma sosai ba. Biyu na riƙe da shaf ɗin tayoyi, biyu na tsakiya sun rungumi sandar ƙarfen da ta ratsa ƙoƙon. Da an taka totur, sandar sai ta tura na tsakiyar zuwa gefe, haƙora su cije, tayoyin biyu su juya tare tamkar an yi musu walda. A kwana kuwa, ƙasa ce da kanta ke jan tayar waje ta fi inji sauri, sai haƙoranta su zame, ka ji ƙas-ƙas-ƙas har a miƙe hanya. Wannan ƙarar ba lalacewa ba ce, ko da yake masu sabon sawa da yawa kan koma wurin bakanike a tsorace. Ƙa'idar dai ita ce taya na iya fin inji sauri, amma ba a barinta ta gaza shi.

Sai dai ba a cin riba babu hasara. In a gaba aka sa shi, sitiyari kan yi nauyi da zarar an shiga giyar taya huɗu, motar ta riƙa son miƙewa ana juya ta. In an fita daga giyar, da ƙyar za a san yana nan. A baya kuwa, tayoyi kan ci da wuri a kan kwalta, wani lokaci a ji ƙara kamar an buga guduma. Abin da ya fi haɗari shi ne gangare mai santsi da ake ratsawa a karkace: tayoyin biyu na iya zamewa lokaci ɗaya, motar ta sulale gefe. Sannan ƙarfin da a da ke tsiyayewa ta tayar da ke wulwulawa, yanzu duk a kan shaf ɗaya zai sauka. Taya ta ɗaga sama, mai ƙafar nauyi ya danne totur, ta dira a kan dutse, shaf ya karye. Manyan tayoyi na ƙara wannan haɗarin.

Kafin ku kashe kuɗi, ku fara sanin abin da ke ƙarƙashin motarku. Da yawa daga cikin ƙananan motocin dajin nan bayansu a kulle yake tun daga kamfani, wasu kuma sun zo da maɓallin kullewa. Gaban Polaris yana da nasa tsarin da ke kama tayoyin biyu idan na baya suka zame. Masu motocin Can-Am ne aka fi jin suna canza nasu difarenshal na gaba mai suna Visco-Lok, domin sai taya ta ɗan wulwula kafin ya kama. Ku tambayi dillali kuma ko garantin motar zai tsira bayan an buɗe difarenshal.

A ganina, wanda aikinsa kullum cikin fadama ne ko rairayi ko hawan duwatsu, kuɗinsa bai tafi a banza ba. Wanda rabin tafiyarsa kwalta ce, ko yake ba yaran gona motar su tuƙa, gara ya tara ya sa mai maɓalli.

In kun yanke shawarar sawa, ku tabbata tayoyin aksil ɗin girmansu ɗaya ne, iskarsu ɗaya. Bakanike ya auna tazarar faifan kamar yadda takardar kamfani ta ce, ya zuba sabon man giya. Sannan kada ku karɓi mota sai an gwada a gabanku: a ɗaga ta da jak, a sa giya, mutum ɗaya ya juya taya guda gaba har ta tokare ya riƙe, wani ya juya ɗayar baya. In ta saki tana ƙas-ƙas, kuma ɗaya gefen ma ya yi haka, aiki ya yi. In ta ƙi saki, a sake kwancewa.