Hattara da "Haɗin" Maganin Gajiya

Da yamma, idan lebura ko ɗan acaɓa ya tashi daga aiki, yakan biya kemis ya ce a ba shi "haɗi" na gajiya. Sai a ƙulla masa ƙwayoyi huɗu ko biyar a leda, fari da ja da ruwan ɗorawa, babu suna babu takarda. Ya afa, ya kora da ruwa, gobe ma haka.

A irin wannan ƙulli akan tarar da ibuprofen da diclofenac tare, alhali aikinsu iri ɗaya ne. Haɗa su illa yake ninkawa. Suna cin bangon ciki har su jawo gyambon ciki da zubar jini, suna kuma raunana ƙoda, balle ga wanda ya yini cikin rana yana zufa bai sha isasshen ruwa ba. Mai olsa, da mai hawan jini, da mai ciwon ƙoda, da mace mai juna biyu, kada su sha su sai da izinin likita. Wanda ya dace ya sha kuwa, ya fara cin abinci.

Farasitamol ya fi sauƙi, amma shi ma yana da iyaka. Babba yana shan ƙwaya biyu masu miligiram 500, ya jira awa 4 zuwa 6, kuma kada ya wuce ƙwaya 8 a awa 24. Abin da ya haura haka hanta yake lalatawa, kuma ba lallai a ga alama a ranar farko ba. Inda mutane ke ruftawa shi ne, Panadol ma farasitamol ne, haka magungunan mura da yawa suna ɗauke da shi, sai mutum ya sha ninki bai sani ba. Na yara da nauyinsu ake aunawa, asfirin kuwa ba a ba yaron da bai kai shekara 16 ba.

Tramadol da kodin kuwa jaraba suke sawa. Tramadol mai yawa har jijjiga yake haddasawa. A 2018 gwamnatin Najeriya ta hana shigowa da sarrafa maganin tari mai kodin, bayan wani binciken BBC ya tona yadda matasa ke shan sa.

Jama'a, ku tambayi sunan kowace ƙwaya kafin ku haɗiye, ku duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa a jikin kwalin. Ciwon da ya wuce kwana uku bai lafa ba, a kai shi asibiti.