Farfesa Thompson da Ɓurɓushin Roba a Teku

An daɗe ana ƙidayar kwalabe da ledoji a gaɓar teku, amma lissafin ya ƙi fita. Robar da masana'antu ke ƙerawa kullum ƙaruwa take yi, alhali kuwa abin da ake tsinta bai kai yadda aka zata ba. To, ina sauran ta shiga?

Wannan tambaya ce Farfesa Richard Thompson na Jami'ar Plymouth ta Ingila ya ɗauka. A shekarar 2004, shi da abokan aikinsa suka nuna a mujallar Science cewa roba ba ta ɓacewa, farfashewa take yi, ta zama ɓurɓushin da sai da madubin likita ake ganinsa. Hujjarsu mafi ƙarfi kuwa daga ajiya ta fito, watau samfuran ƙananan halittun ruwa da jiragen ruwa suka riƙa kwasowa tun shekarun 1960. Da aka duba su, sai aka tarar ɓurɓushin ya ƙaru ƙwarai zuwa shekarun 1990. Abin da a da ake zato kawai, ya zama abin aunawa, masana kuma suka duƙufa a kansa.

Aikin bai tsaya a takarda ba. A 2018 Birtaniya ta hana zuba ƙwayoyin roba cikin sabulun wanke fuska. A 2019 kuma, shi da Imogen Napper suka tono ledojin da ake sayarwa da sunan masu ruɓewa, bayan shekara 3 a ƙasa, suka tarar wasunsu har yanzu suna ɗaukar kaya.