Ko Kun Sani? Abin Da Ke Faruwa In An Ƙara Wa Hoto Girma

Hoton da ke cikin wayarku ƙananan ɗigo ne masu launi, jere reras kamar saƙar tabarma. Fiksel ake kiransu. Kyamara mai megafiksel 12 takan ɗauki hoto mai ɗigo 4,000 a kwance, 3,000 a tsaye.

Rage girman hoto ba wuya, domin haɗe ɗigon kawai manhaja ke yi. Ƙara girma ne aiki. In aka ninka faɗi da tsawo sau biyu, sai an sami ninki huɗu na ɗigon, wato uku cikin kowane huɗu kintato su kwamfuta ta yi daga launin maƙwabtansu. Shi ya sa za ku ga fuskar amarya ta yi dishi-dishi a kalandar biki, zanen lallen hannunta ya cakuɗe, duk da kuɗin da aka kashe wajen bugu. Abin takaici ne ƙwarai, don sau da yawa hoton asali yana nan garau a wayar mai ɗauka, WhatsApp ne ya matse shi a hanya. Da an tura shi a matsayin fayil, da ya isa yadda yake.

Shi kuwa tsarin adana hoto na JPEG, wanda ya fito a 1992, duk sanda aka gyara hoto aka sake adanawa sai ya zubar da wani abu. Tsarin PNG ba ya haka. Masu ɗab'i kan so ɗigo 300 a kowane inci, don haka wancan hoton mai megafiksel 12 zai fita tas har inci 13 da 10.