Jiragen Yaƙi a Saman Filin Wasa

A Amurka, kafin a fara babban wasan zari-ruga irin nasu, sai sojoji su baza wata ƙatuwar tuta da ta kusa rufe fili, a rera taken ƙasa, 'yan kallo su miƙe tsaye hannu a ƙirji, jiragen yaƙi su keta sama da rugugi. Mai kallo zai ɗauka tsabar kishin ƙasa ne. Amma akwai lauje cikin naɗi.

Yaƙi ne ya raini wannan al'ada. A 1918, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka buga waƙar da daga baya ta zama taken ƙasar a wasan farko na zagayen ƙarshe na gasar besbol a birnin Shikago, jama'a suka ɗauka gaba ɗaya. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 kuwa, sai karrama sojoji ya zama ruwan dare a filayen wasa.

Me sojoji ke nema a can? Tun 1973 Amurka ta daina tilasta wa matasa shiga soja, don haka dole rundunar ta tallata kanta, kuma babu inda samari ke taruwa kamar wajen ƙwallo. A 2015 sanatoci biyu, John McCain da Jeff Flake, suka fasa ƙwai. Rahotonsu ya nuna ma'aikatar tsaro ta biya ƙungiyoyin wasa kimanin dala miliyan 6.8 domin shirya irin waɗannan bukukuwa: baza tuta, karrama jarumi, ko fito da sojan da ya dawo daga fagen daga ya rungumi iyalinsa a gaban dubban mutane. 'Yan kallo na share hawaye, ba su san da kuɗin harajinsu aka sayi wannan kallo ba. Daga bisani NFL, hukumar da ke kula da gasar zari-rugar, ta mayar da sama da dala 700,000.

Labarin Pat Tillman ya fi tayar da hankali. Ɗan wasan Arizona Cardinals ne da ya ajiye kwantiragin dala miliyan 3.6 ya shiga soja a 2002. A Afrilun 2004 aka kashe shi a Afganistan. Rundunar ta ce maƙiya ne suka harbe shi, aka ba shi lambar jarumta, aka yi taron juyayi a talabijin. Sai bayan makonni iyalinsa suka ji gaskiya: harsashin 'yan'uwansa sojoji ne ya same shi bisa kuskure.

Shi kuwa ɗan wasan NFL Colin Kaepernick, a 2016 ya riƙa durƙusawa lokacin taken ƙasa don nuna adawa da kisan da 'yan sanda ke yi wa baƙar fata. Aka ce ya ci mutuncin sojoji, alhali wani tsohon soja ne, Nate Boyer, ya ba shi shawarar durƙusawar. Tun daga ƙarshen wannan kaka babu ƙungiyar NFL da ta sake ɗaukarsa, kuma masu sukarsa cewa suke kada a sa siyasa cikin wasa, kamar jirgin yaƙi ba siyasa ba ne.

Son ƙasa ba laifi ba ne, girmama soja ma haka. Sai dai duk inda aka haɗa ƙwallo da kaki, mai hankali ya kamata ya tambayi wa ya biya kuɗin bikin, me ake son ya saya, kuma wa aka hana buɗe baki.