Maraɗi: Yadda ake horar da agwagi su san hanyar gida

A unguwar Zariya da ke birnin Maraɗi, da zarar damina ta kankama, agwagi kan bazu cikin kwatoci da kududdufai. Wasu ba sa dawowa: ko mota ta take su, ko a sace, ko su yi ƙwai a wani kango. A Jiratawa da Tibiri kuwa, inda ake noman rani a bakin Gulbin Maraɗi, agwagwar da ta faɗa lambun salak na iya haddasa rigima tsakanin maƙwabta.

Maganin wannan asara shi ne horo, domin agwagwa tsuntsuwa ce mai bin sabo. Idan an sayo ta, a tsare ta a akurki kamar mako biyu kafin a sake ta. A riƙa ba ta dusa ko tsakin gero da yamma, a lokaci ɗaya da wuri ɗaya, tare da kira iri ɗaya, ko da kwankwasa kwano ne. Da ta haɗa sautin da abinci, ita za ta riƙa kawo kanta kafin magariba.

Da safe kuma kada a yi gaggawar buɗe akurki. Agwagi sun fi yin ƙwai da sassafe, don haka a bari sai hantsi. Irin agwagwar da aka fi kiwo a ƙasar Hausa, mai jan tsiro a fuska, takan kwanta kwana 35 kafin ta ƙyanƙyashe, kaza kuwa 21. Tana kuma iya tashi ta haye katanga, shi ya sa ake rage gashin fiffike ɗaya da almakashi. 'Ya'yan sun fi saurin ɗaukar horo, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Akwai kuma batun lafiya. A watan Fabrairun 2006, a jikin agwagin gida ne aka fara tabbatar da murar tsuntsaye a Nijar, a Magarya ta jihar Damagaram. Agwagwa na iya ɗauke da cutar ba tare da wata alama ba. Wadda ta saba kwana a gida ta fi sauƙin killacewa, nesa da kaji da tsuntsayen daji, duk ranar da jami'an kiwo suka ba da sanarwar ɓullar annoba.