Abin Da Ke Sa Wasa Ya Zauna A Zuciya

A ƙasar Amurka akwai waɗansu manyan filayen shaƙatawa, inda mutum kan biya kuɗi ya hau lilo ko ƙaramin jirgi, a yi sama da shi a yi ƙasa. Wanda ya fi suna cikinsu shi ne Disneyland, wanda aka buɗe a Kalifoniya cikin 1955. Masu wannan sana'a sun daɗe da gane cewa ba ƙarfin inji kaɗai ke sa mutum ya riƙa tuna abin da ya hau ba. To, mu nan ba sai mun ƙetare teku za mu san dalili ba, gama duk wanda ya taɓa tsayawa bakin Matan Fada a Argungu ranar kamun kifi ya riga ya sani.

Abu na farko shi ne jira. Shekara guda cur ake hana su a wannan yanki na gulbi, ƙarƙashin kulawar Sarkin Ruwa. Ran biki kuwa, sai dubban masunta su jeru nesa da gaɓa, kowa da homa da gora, ido na kan ruwa. Da jin ƙarar bindiga sai su kwasa a guje, ƙura ta tashi, makaɗa su ɗauka cikin jirage. Kamun kansa bai fi kamar sa'a guda ba, amma haƙurin wata goma sha biyu ne ke fashewa cikinta. Da kullum ake yi, da ba wanda zai taso daga Birnin Kebbi domin kallo.

Na biyu shi ne labari. Kabawa jikokin Kanta ne, wanda ya kafa daularsa a Surame cikin ƙarni na 16. Bayan Birnin Kebbi ta faɗa hannun mayaƙan jihadi cikin 1805, aka daɗe ana gaba tsakanin Kabi da Sakkwato. Sai cikin 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya tarye shi da babban kamun kifi. Daga nan bikin ya samo siffarsa ta yanzu. Watau mai kallo ba kifi kurum yake gani ba, sulhu yake gani.

Na uku, ba a bar mutum ya zama ɗan kallo kawai ba. A wasannin Kabanci akan yi tseren jirage, da nutso, da kamun agwagwar ruwa, da kamun kifi da hannu. Masu yi kuwa ba baƙi ba ne, 'yan unguwa ne da kowa ya san iyayensu. In mutum ya ga maƙwabcinsa ya nutse ya daɗe bai ɓullo ba, lalle gabansa ya faɗi. In ya ɓullo rungume da giwan ruwa, murnar ta kowa ce. Wannan faɗuwar gaba mai ƙarewa da dariya ita ce Turawa ke kashe dukiya su ƙera da ƙarfe.

Na huɗu, wanda ya fi duka, shi ne gaskiya. Cikin 2005 kifin da ya ci gasa ya kai kilo 75, aka ɗora shi bisa ma'auni a gaban jama'a. Amma cikin 2008 aka ƙwace kyauta daga wanda aka ce ya ci, don an gane ba a lokacin gasar ya kama kifin ba. Hukuncin nan ya yi daidai, domin ranar da mutane suka daina amincewa da ma'auni, ranar ce wasa ya mutu.

Kada kuwa a zaci abu irin wannan ba ya ɓacewa. Bayan bikin 2009 an yi shekara goma ba a yi shi ba, sai cikin 2020 aka komo, ko da yake hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya abin kiyayewa tun 2016. Yaron da aka haifa a wannan tsakani ya kai aji huɗu bai taɓa jin bindigar nan ba.

Saboda haka muna kira ga malaman makaranta su kai almajiransu gidan tarihi na Kanta, wanda aka buɗe cikin 1958 a tsohon gidan sarki, su san labarin kafin su ga ruwan. Akawuna kuma su tsare rajista da ma'auni bisa amana. Allah ya ba mu ikon riƙon abin da muka gada, amin.