Abubuwan da ya kamata ka sani game da ƙwallaye ukun Geoff Hurst a wasan ƙarshe na 1966

A ranar 30 ga Yulin 1966, a filin wasa na Wembley da ke Landan, Ingila ta doke Jamus ta Yamma da ci 4 da 2, ta ɗauki Kofin Duniya karo na farko. Uku daga cikin ƙwallayen nan Geoff Hurst ne ya ci su, kuma ɗaya daga ciki har gobe ana gardama a kanta.

Mene ne uku rigis?

Idan ɗan wasa ɗaya ya zura ƙwallo uku a raga a wasa guda, sai a ce ya ci uku rigis. Ana lissafawa da waɗanda aka ci a ƙarin lokaci, wato minti 30 da ake ƙarawa idan an tashi kunnen doki a wasan da dole sai an fitar da gwani. Amma bugun fenareti na raba gardama bayan an tashi ba ya shiga lissafi. A wasan ƙarshe abin yana da wuya, domin kowane ɓangare taka tsantsan yake yi.

Yadda Hurst ya samu gurbi

Da aka fara gasar, Hurst, ɗan wasan West Ham, a benci yake. Jimmy Greaves ne gwanin cin ƙwallon Ingila, sai ya ji rauni a ƙafa a wasansu da Faransa. Koci Alf Ramsey ya sa Hurst a wasan Ajantina, shi kuwa ya ci ƙwallo ɗaya tilo da ta fitar da Ajantina. Greaves ya warke kafin wasan ƙarshe, amma Ramsey ya ƙi taɓa jerin 'yan wasansa. Shawara ce mai nauyi, domin a lokacin ba a canjin ɗan wasa a gasar. Wanda aka bari a waje ya zama ɗan kallo ke nan.

Yadda aka ci su

Helmut Haller ne ya fara ci wa Jamus. A minti na 18 kyaftin Bobby Moore ya yi saurin ɗauko bugun tazara, Hurst ya farke da ka. Martin Peters ya ƙara ta biyu, Wolfgang Weber ya rama dab da tashi, aka tafi ƙarin lokaci. Hurst ya ci ta biyunsa da ƙafar dama a minti na 101, ta uku kuma da hagu a daƙiƙun ƙarshe, alhali wasu 'yan kallo sun riga sun kutsa cikin fili suna zaton an tashi.

Ƙwallon da ake gardama a kanta

Dokar a fili take: ba a ci ba sai ƙwallo ɗungurungum ta tsallake layin raga. Ko da rabinta ya shige, muddin gefenta na kan layi, wasa na ci gaba.

A minti na 101, Alan Ball ya kwaso ƙwallo daga dama, Hurst ya tare, ya juya ya buga. Ta daki ƙarƙashin sandar sama, ta faɗo ƙasa, ta yi tsalle ta dawo fili, Weber ya fitar da ita da ka. Alƙalin wasa Gottfried Dienst, ɗan Suwizalan, bai tabbatar ba, sai ya nufi mai tuta, Tofiq Bahramov na Azarbaijan, wadda a lokacin take cikin Tarayyar Sobiyet. Bahramov ya nuna ta shiga. Duk abin ya faru ne cikin ƙiftawar ido, kuma mai tutar yana can bakin layi nesa da raga. Gaskiyar magana, hotunan da suka rage ba su nuna ƙarara cewa ta tsallake duka ba, don haka ƙorafin Jamusawa ba na banza ba ne. Ta ukun ma jelar wannan ce, domin Jamus ta kwashe 'yan wasanta gaba neman ramuwa, ta bar baya a buɗe.

Abin da ya biyo baya

A gasar 2010, a Afirka ta Kudu, reshe ya juye da mujiya: ƙwallon Frank Lampard na Ingila ta tsallake layin ragar Jamus sarai, alƙali ya hana. Wannan na cikin abin da ya sa FIFA ta amince da na'urar lura da layin raga, wadda aka yi aiki da ita a gasar 2014 a Burazil; da zarar ƙwallo ta shige, sai saƙo ya faɗo agogon hannun alƙali.

A ɓangaren mata, Carli Lloyd ta Amurka ta ci Japan uku rigis cikin minti 16 a wasan ƙarshe na 2015. A na maza kuwa sai da aka yi shekara 56 bayan na Hurst kafin Kylian Mbappé na Faransa ya maimaita a Katar a 2022, biyu daga ciki da fenareti, kuma duk da haka Ajantina ce ta tafi da kofin.